Jatau da Jimrau: daga yaye zuwa kunyar dankali

A watan Satumba na 2019 na yi sammako zuwa Maîche, wani ƙaramin gari a kan tudun gabashin Faransa, dab da iyakar Suwizalan. A can ake taron shekara-shekara na dawakin da ake rubutawa Comtois, a baki kuma a ce Kwantuwa. Kallo na je yi, ba ciniki ba. Shekarata takwas a ƙasar a lokacin, biyar na yi su ina ƙwadago a lambunan mutane, uku kuma ni da maiɗakina muna noman filin haya, hekta biyu da 'yan kai, a wani kwari kudu da Besançon.

A gidan da ake turke doki na tashi, can wajen Tasawa. Baffana, ƙanen mahaifina, yana riƙe da doki tun ba a haife ni ba, kuma ni ke yanko masa ciyawa, ni ke kai shi rijiya. Saboda haka ina ganin na san doki. Amma goɗiyar farko da na tsaya kusa da ita a Maîche sai da na ja da baya. A tsayi ba ta ɗara namu da yawa ba, mita ɗaya da rabi da ɗan wani abu. Faɗin ƙirjinta ne ya yi biyun nasu, kofatonta kamar murfin tukunya, jikinta ja mai duhu, geza da wutsiya kuma fari-fari kamar rama. Manyansu kan kai kilo 650 zuwa 800. Wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba ce ke riƙe da ragamarta, goɗiyar na bin ta kamar tunkiya.

Dama akwai abin da ke damuna a gona. Ƙasarmu laka ce, duk inda tayar tarakta ta bi da ɗanyen ruwa sai wurin ya daskare kamar daɓe, karas ya fito a murɗe. Na ga makwabta biyu da ke noma da doki, na ga yadda ƙasarsu take sakwa-sakwa. Da na tambayi kuɗin horarren doki, wanda zai shiga kunya gobe, sai na ji ya kai kuɗin mota mai kyau ta hannu. Ba ni da shi. Abin da aljihuna zai iya shi ne dukushi da aka yaye, sai in haɗa da shekarun jira.

Wani dattijo na samu a wajen taron, makiyayin jajayen shanun nan masu fari da ake yin cukun Comté da madararsu. Goɗiyoyi huɗu yake riƙewa a gefe, don gado ya yi. Da na je gonarsa cikin Oktoba, kafin ya nuna mini dukusan sai ya nuna mini sikeli. Ya ce a nan ba a yi wa ɗan doki kuɗi da ido, ana auna shi, a ninka da farashin kilo na wannan kakar. Dalili kuwa, mafi yawan 'ya'yan dawakin noma da ake haifa a Faransa yanka ake yi, wasu a kai su Italiya, a 'yan shekarun nan kuma masu saye daga Japan sun shigo suna ɗaukar su da rai a jirgin sama, har farashi ya ɗaga. Ya ce dillali zai zo ƙarshen wata.

Gabana ya faɗi, don mu a gidanmu ba a cin doki. Amma ban raina mutumin ba, har yau ban raina shi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tarakta ta kori doki daga gonakin Faransa, kuma nau'o'i tara na dawakin noma da ƙasar ke da su, su Percheron da Breton da Ardennais da wannan Kwantuwa, kasuwar nama ce ta hana su ƙarewa. Da babu ita, da babu dukushin da zan zo in saya. Sai dai ta bar tabonta: shekara da shekaru ana zaɓen wanda ya fi tsoka da nauyi, ba wanda ya fi ƙafa da hankali ba. Mai neman dokin aiki dole ya buɗe ido, don wanda ya fi cika sikeli ba lalle ne ya fi cika alkawari a kunya ba.

Daren da zan koma na kira Baffa. Na ce, «Baffa, ku da kuka san doki, me zan duba?» Ya ce, «Ɗana, bar ɗan tukuna, ka dubi uwar. In ta bari ka taɓa kunnenta, ka ɗaga ƙafarta, ɗan ma zai bari.» Haka na yi. Goɗiya ɗaya ta kwantar da kunnuwa tun ina nesa, na bar ɗanta duk da ya fi kowa kyau. Sauran na sa aka tafiyar da su a kan siminti, na tsuguna ina kallon ƙafafun ta gaba da ta baya, ko suna sauka daidai, ko gwiwa na karkata. Na shafa cibiya don kar a samu ƙaba, na buɗe baki na ga haƙoran sama da na ƙasa sun haɗu. Likitar dabbobin da na biya ta zo da ni ta haska idanunsu da ɗan fitila, ta ce wannan launi mai farar geza yakan zo da matsalar ido a wasu. Ta kuma nemi takardar gwajin iyayen game da wata cutar gado da ke cikin jinin Kwantuwa, wadda ɗan doki ke zuwa duniya fatarsa na saɓulewa, ba ya kuma rayuwa. Sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita take fitowa, shi ya sa masu kiwon kirki ke gwadawa kafin barbara.

Biyu na ɗauka, maza, 'yan wata bakwai. Ɗaya ya hau sikeli ya ba da kilo 370, ɗayan 340. Maiɗakina ta so mu tsaya a ɗaya saboda kuɗi, dattijon ya girgiza kai. Ya ce dukushin da ya tashi shi kaɗai mutum yake mayarwa abokin wasansa, kuma wasan dabba mai rabin tan karaya ne. Wannan shawara ta fi duk abin da na biya shi daraja.

Takardu ba su ba ni wuya ba. Kowane doki a nan yana da ɗan ƙwayar lamba da aka dasa masa a wuya ta hagu, da littafinsa mai zanen alamomin jikinsa, da katin mallaka da ake juyawa zuwa sunan mai saye a hukumar dawaki ta ƙasa, IFCE, inda kuma ake shaida musu wurin da dabbar za ta zauna. Abin da ya burge ni shi ne suna: kowace shekara da harafinta, 'yan 2019 duk da J sunansu ke farawa. Sunayensu na takarda na Faransanci ne, amma na bi harafin na raɗa musu nawa. Babban, wanda jansa ya fi haske, Jatau. Ƙaramin, wanda ya tsaya shiru a kan sikeli, Jimrau.

Kwana uku na farko haniniya suka yi ta yi suna neman iyayensu, har muryar Jatau ta dushe. Na rufe su a barga, na shimfiɗa musu tattakar alkama, ina shiga ina zama a kan bokiti ba tare da na taɓa kowa ba. A rana ta huɗu Jimrau ya zo ya shinshina hulata. Bayan mako guda na sake su a fili mai shingen waya mai lantarki, kowannensu ya taɓa da hanci sau ɗaya, bai sake ba.

Kuskurena na farko daga ƙauna ya fito. A gida, wanda ke son dokinsa hatsi yake ba shi. Baffa kan hana kansa ya zuba wa doki gero, a ƙara da dusa da kanwa, kuma ana gane mai kula da doki daga sheƙin jikin dabbarsa. Da sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa, sai tausayinsu ya kama ni. Na shiga zuba musu sha'ir da masara safe da yamma, bokiti kusan cike. Suka yi ɓul-ɓul, ina murna. Cikin Janairu na ga Jatau yana tafiya a ɗage kamar mai taka ƙaya. Na durƙusa na kama ƙafarsa, sai na ji saman idon sawun ya kumbura ta gefe biyu, da zafi, ya yi ƙulli kamar an sa masa ƙwallo a ƙarƙashin fata.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, ta zauna a kan damin ciyawa ta yi mini bayani. Ta ce a ƙarshen kowane ƙashin ƙafa na ɗan doki akwai guringuntsi, daga nan ƙashin ke tsawo. In aka cika masa hatsi, tsoka na gudu ta bar ƙashi a baya, nauyi ya danne wurin da bai ƙosa ba, ya kumbura, wani lokaci ma guringuntsin gaɓa ya ɓalle ya zama gurguntar har abada. Ta ƙara da cewa waɗannan manyan dawaki jikinsu ba ya son sitaci, da yawansu na da larurar tsoka da hatsi ke tayarwa. Mutanen zamanin da suna kiranta ciwon Litinin: doki ya huta Lahadi an cika masa hatsi, Litinin a ɗaura masa kaya, tsokar cinya ta sandare, fitsari ya fito baƙi-baƙi kamar shayi. Ta sa na janye hatsin a hankali cikin kwana goma, na bar su da busasshiyar ciyawa mai kyau iya cinsu, da dutsen gishiri, da ɗan garin sinadarai na 'yan dawaki a tafin hannu. Sai da aka yi wata biyu kumburin ya sauka. Duk safiyar waɗannan watanni da hannuna a ƙafar Jatau nake fara ta, ina addu'a.

Sauran kula na yau da kullum ne. Allurar mura da ta sarƙewar haƙora, biyu a jere sannan a riƙa maimaitawa. Maganin tsutsar ciki kuma ba da ka ake ba su ba, ana kai kashinsu a duba, don manyan tsutsotsin da ke damun 'yan dawaki sun daina jin wasu magungunan. Akwai wata bishiya a bakin filina, Faransawa na ce mata erabil sikomor, 'ya'yanta masu fukafuki suna saukowa suna juyi da kaka. Guba ce ga doki, tana lalata tsoka, tana kashewa cikin kwana biyu ko uku, kuma ƙananan da ke tsirowa da bazara ma haka. Makwabcina ne ya nuna mini, na ja shinge na raba su da wannan kusurwa gaba ɗaya.

Da aka rufe ƙasa saboda korona a watan Maris na 2020, kasuwarmu ta mako ta tsaya na wani lokaci, sai na samu sararin da ban taɓa samu ba. A kan ƙafafunsu na kashe shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan maganar ba karin magana ba ce kawai: ƙafar da ba ka koya wa ɗagawa tana kilo 400 ba, ba mai ɗaga ta tana 750. Kowace rana minti goma, ba ƙari. In shafa daga kafaɗa zuwa ƙasa, in ce «ba ni», in ya sassauta ko da ƙiftawar ido in saki, in yaba masa. Sannan in riƙe na ɗan lokaci, in ƙwanƙwasa kofaton da guduma a hankali. Mai gyaran kofato na zuwa duk wata biyu, kuma ranar da ya gyara kofato takwas ba tare da an sa su cikin katakon matse doki ba, ya ce mini da yawa cikin masu sana'arsa ba sa karɓar manyan dawaki saboda bayansu ya gaji da kokawa. Abu ɗaya da ban taɓa ɗaga musu ƙafa a kai ba shi ne turereniya. Jatau na son ya goga kansa a ƙirjina, abin sha'awa yana ƙarami. Duk lokacin da ya shigo jikina ba da izini ba sai in sa shi ya ja da baya taku uku, ba duka, ba tsawa, amma kullum.

A Nuwamba na wannan shekara, suna da wajen wata ashirin, sanyi ya kori ƙudaje, aka yi musu fiɗiya. Baffa bai ji daɗi ba. Ya ce, «Haba ɗana, doki za ka mayar kamar san huɗa? Ina darajarsa?» Na ce, «Baffa, ku yi haƙuri, aikin san huɗa ɗin zai yi. Kuma yara na shigowa lambun.» Ya yi shiru, sannan ya ce to Allah ya sa alheri. Na fahimce shi. A wurinsu ingarma na hawan sallah ne, na taƙama a ƙofar fada. Ni kuwa ina bukatar dabbar da za ta tsaya cak a tsakiyar albasa ko da goɗiya ta wuce a hanya.

Daga nan sai jira, kuma shi ne ya fi komai wuya. Suna shekara biyu duk wanda ya gan su sai ya ce sun isa aiki, don sun fi duk wani dokin da na sani a gida girma. Taraktata ta lalace a daidai wannan lokaci, ciyayi na cin karas, ga ƙarti biyu suna kiwo a gabana. Kowannensu na cin busasshiyar ciyawa kilo goma sha biyu zuwa sha huɗu a rana, wajen kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, ya sha ruwa bokiti huɗu ko biyar, ba su kuma kawo ko kwabo. Likitar ta sake tuna mini cewa ƙasusuwan ƙafa ne ke fara ƙosawa, na gadon baya da wuya sai wajen shekara biyar zuwa shida, kuma a wuyan da bayan ne duk nauyin ja ke sauka. Na ɗauki fartanya na shiga karas ɗin da hannu.

Horo na fara a ƙarshen 2021, ba da kaya ba. Dogayen igiyoyi biyu daga linzami, ni a baya da ƙafa, muna zaga gari, mu wuce karnuka, mu wuce motar madara. Na yi niyyar koya musu da Hausa, sai na fasa. Kalmomin mutanen wurin na ɗauka: «hu» a tafi, «diya» hagu, «ho» a tsaya. In wata rana igiya ta kuɓuce mini, ina so duk tsohon da ke bakin hanya ya iya tsayar da su da bakinsa. «Ho» kuwa na fi ba ta lokaci a kan sauran duka, har sai da suka iya tsayuwar minti biyar igiya a ƙasa.

Da Jatau na bi mataki-mataki, don shi ne mai rawar kai: ya ji ƙarar sarƙa a hannun wani, sannan ya ja sarƙar, sannan tsohuwar taya, igiyarta a hannun maiɗakina yadda za ta saki in ya firgita. Jimrau kuwa sanyinsa ya ruɗe ni. Wata safiya a Fabrairun 2022, ni kaɗai, na tsallake tayar na ɗaura masa ƙarfen baje ƙasa mai haƙora. A kan laka lafiya lau. Da muka hau tsakuwar hanya ƙarfen ya yi ƙara a bayansa, na ga kunnuwansa sun juya, kafin in ce «ho» igiyoyin sun ƙone mini tafin hannu sun tafi. Yana gudu abin na bin sa yana tsalle, shi kuma yana ƙara gudu. Ya keta shinge, ƙarfen ya maƙale a turke, sarƙa ta tsinke. Na same shi a ƙarshen fili yana karkarwa, gumi na ɗiga daga cikinsa, jini na bin ƙafarsa ta baya. Ɗinki tara aka yi masa. Raunin ya warke cikin mako uku, tsoron kuwa wata huɗu muka yi muna cire shi. Ko cokali ya faɗi a kan siminti sai ya zabura. Na koma da shi farko, ina jan sarƙa da hannuna a gabansa yana bi, sannan a gefensa, sannan a bayansa, kowace rana ɗan kaɗan. Laifina ne, kuma shi ya biya.

Abin wuyan da suke ja da shi, na fata mai cushe da tattaka, sau uku na sauya wa kowanne, don wuyan na ƙara kauri. Na hannu nake saye in kai wa baduku ya gyara. Ana gane ya zauna in tafin hannu ya shige tsakaninsa da maƙogwaro, yatsu kuma suka shiga ta gefe da ƙyar. In ya yi yawa yana gurzar kafaɗa, in ya matse yana shaƙewa. Kayan noman da na saya kuwa sunansa kasin, ƙungiyar Prommata ta yankin Ariège ke ƙera shi, ƙarfe ɗaya da ake sauya wa baki, yau na noma, gobe na huɗa. Daga baya na ji asalinsa daga aikin Jean Nolle ne, wanda ya ƙera wa manoman Senegal garmar dabbobi da ake kira Sine. Da na riƙe hannayensa sai na ji kamar garmar shanun da na bi ina yaro.

Rani mai tsanani da aka yi a 2022 ya ƙone mana makiyaya, tun watan Agusta na fara ba su ciyawar da na tanada don sanyi, na sayi ƙari da tsada. Tun kafin wannan kakar kuma na riga na yi abin da na daɗe ina juyawa a raina. A wancan lokacin, a littafin kowane doki akwai shafin da mai shi da likita kan sa hannu a fitar da dabbar daga cikin waɗanda za a iya yankawa don ci, kuma in an sa ba a janyewa. Ma'anarsa, in na shiga matsi gobe, dillalin sikeli ba zai saye su ba. Maiɗakina ta karanta shafin sau biyu, ta miƙo mini biro.

Aikin farko na gaske a Yunin 2023 ne, suna da shekara huɗu: huɗar dankali, layi ashirin da huɗu. Jimrau na ɗaura wa, maiɗakina ta riƙe kansa a layi biyu na farko, sannan ta saki. Ya sunkuyar da kai, ya jingina ƙirjinsa a abin wuyan, sarƙa ta miƙe, ƙasa ta fara tsagewa gida biyu tana rufe gindin dankalin. Ba ƙarar inji, sai numfashinsa da kukan fata da saukar kofato. Ƙafafun nan masu faɗin murfin tukunya yana ajiye su ɗaya gaban ɗaya a tsakiyar kwarin kunya, ganye ɗaya bai taka ba. A ƙarshen layi na ce «diya», ya juya a hankali yana ƙetare ƙafa, sarƙar ta taɓa tabon da ke ƙafarsa, kunnensa ya motsa, bai zabura ba. Duk layi huɗu nakan tsayar da shi ya huta, in ɗaga abin wuyan iska ta shiga.

Da yamma na tura wa Baffa bidiyon ta WhatsApp. Sai bayan isha'i saƙon muryarsa ya shigo. Ya ce, «Ɗana, na gani, na sa an maimaita mini sau uku. Wannan shi ne mai tabon? To ka wanke masa kafaɗa da ruwan sanyi, ka shafa da hannunka ka ji ko akwai wurin da ya yi zafi. Gobe kuma ka ɗaura wa ɗan'uwansa, shi ya huta.» Na ɗauki fitila da bokiti na koma barga.